Yadda Za Ka Zuba Buhu Shida Na Taki A Rijiyar Gidanku

Yayana Musbahu, mai gadin ƙofa a wani kamfanin roba a Challawa, ya ce duk Kumbotso babu wanda ya fi shi sanin kimiyyar noma. A waya ya koya. Kakarmu Inna Jummai ta ba shi gonar bayan gida a Panshekara, ta ce damina ɗaya ta rage masa: in bai cika rumbu ba, ta karɓe abarta. Na bi shi na rubuta sirrin. In ka bi, sakamako tabbas ne.

1. Raina wake. In Inna ta ce, "Musbahu, shekara huɗu masara kan masara, sa wake ko gyaɗa ƙasar nan ta farfaɗo," ka gyara hula ka ce, "Inna, wannan noman da ne. Ku bar mu da sayans."

2. Sayi takin yuriya buhu shida. Gonar ba ta kai eka ba, amma buhu biyu ba ya kyau a hoto.

3. Kada ka raba shi, kada ka binne. Masu zuba kaɗan yanzu, kaɗan bayan sati uku, ba su da aikin gadi da safe. Watsa duka rana ɗaya, masara tana iya idon sawu.

4. Jira hadari. Ƙasar jigawa ce, ruwa na wucewa kamar a rariya. Da ka ga gabas ta yi baƙi, fito da buhu. Kai a ganinka ban-ruwa ne kyauta.

5. In masara ta yi ɗorawa, ka ce iri ne na waje, haka kalarsa take. In an nuna maka ta maƙwabta, da suka yi gyaɗa bara, ka ce, "Takina yana nan a ƙasa, aiki yake a hankali."

6. Kada ka bari a gwada ruwan rijiya. Nan Yaya ya yi sake. Matarsa Saudat tana aiki a ɗakin gwajin wani kamfanin lemo a Sharaɗa, kuma da ruwan take dama wa jaririyarsu Mubina koko. Ta tafi da kwalba ɗaya, ta dawo da takarda.

"Baban Mubina, gaskiyarka, takin yana ƙasa. Ga shi nan, naitiret, sinadarin takin da ruwan sama ya wanke, a rijiya. Yarinyar nan ba za ta ƙara sha ba."

Inna ta miƙa wa Yaya hannu. "Kawo fartanyar."

Gargaɗi: ni dai rubutu na yi. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana sayen ruwan leda, kada ya nemi lambata. Ina gona, Inna ta sa ni shuka wake.