Leda Ba Ta Shiga Kigali

A duk Unguwar Shanu babu wanda ya san sirrin tafiya kamar Hajiya Dije, kuma ita ce ta fara gano haka. Ta san abin da ake ɗauka da abin da ake bari, ta san addu'ar hawa da ta sauka. Gaskiya dai tun da ta dawo daga Makka shekara talatin da suka wuce, tafiyarta mafi nisa ita ce wani suna a Rigachikun, can ma yini ta yi ta dawo da ciwon baya.

Da ta ji za a tura jikanta Ɗahiru, malamin gona, wani taro a Kigali ta ƙasar Ruwanda, ba ta tsaya tambayar kowa komai ba. Kwana uku ta yi tana daka da suya da tankaɗe. Ranar Lahadi da hantsi, ana gobe zai tashi, ya zo yi mata sallama, ya tarar da ita bisa tabarma a tsakar gida, ƙulle-ƙullen baƙar leda sun kewaye ta kamar kaza da 'yan tsakinta.

"Lafiya lau, Hajiya. Ya ƙafar kuma?"

"Tana nan inda ka bar ta. Maigida ke nan, mijin da ba cefane sai doguwar gaisuwa."

"Uwargida ran gida. Shago kika buɗe ba ki gayyace ni ba?"

"Guzurinka ne, marar godiya. Zauna in nuna maka, na san kan nan naka ba ya riƙe abu biyu. Wannan yaji ne. Wannan garin kunu. Ga dakuwa, ga ƙuli-ƙuli, ga kuka, ga daddawa."

"Daddawa? Hajiya, jirgi fa zan hau, ba a-kori-kura ba. In wannan ta kwance a sama, matuƙin da kansa zai nemi inda zai ajiye ni."

"Ni za ka faɗa wa jirgi? Na hau shi tun ubanka bai iya fyace majina ba."

"Wancan jirgin naku ai na ji an ce kaji ake kiwo a cikinsa yanzu."

"Kajin ma sun fi ka sanin hanya. Baƙo ko da ido makaho ne. Faɗa mini, in yunwa ta kama ka, da wane baki za ka nemi abinci?"

"Baki huɗu gare su. Akwai nasu na gida, Kinyarwanda, ga Faransanci, ga Turanci, ga Suwahili."

"Ba kai ka ce jihar Kaduna ta fi su girma ba? 'Yar ƙasa kamar faifai, baki huɗu? To ba sa jituwa ke nan. Hausa fa?"

"Babu."

"Ashe ba su gama zama ƙasa ba. Ni a Makka da Hausa na yi cinikin dadduma."

"An ba mu labari. Ke da Balaraben kun yi ta nuna wa juna yatsu har aka kira la'asar."

"Na sayo ko ban sayo ba? A kan me kake zaune yanzu?"

Ɗahiru ya dubi daddumar da ke ƙarƙashinsa. Ya buɗe 'yar jakarsa ya shiga nuna mata nasa shirin: fasfo, da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, da wani kan caja, don wai soket ɗinsu ƙafa biyu ne masu zagaye, da rigar sanyi, saboda ƙasar duk tuddai ce ga yawan ruwa.

Jin an ambaci ruwa, Hajiya Dije ta fizge fasfon da katin, ta zaro sabuwar leda daga ƙarƙashin tabarma, ta naɗe su, ta yi ƙulli biyu. "Ka ga amfanin babba. Da haka za ka je ruwa ya jiƙa maka hoton, su ce ba kai ba ne. Ko da yake da ya wanke fuskar nan ai ya taimake ka."

Ya karɓi ƙullin. Ta lura yana sosa ƙeya, irin susar da yake yi tun yana yaro in ya fasa mata wani abu.

"Hajiya, akwai magana. Leda ba ta shiga ƙasar."

"Wace ledar?"

"Kowace iri irin wannan. Doka ce. A filin jirgi suke duba kaya, in sun gan ta su karɓe."

"Ƙarya kake. Daddawata ce ba ka so."

"Ga saƙon da masu taron suka turo a waya."

"Wayar da ta ce za a yi ruwa ran Juma'a, na kwashe shanya a banza?"

"Wallahi, Hajiya."

Ɗahiru ba ya rantsuwa a kan wasa, wannan ta sani. Ta dubi ƙulle-ƙullen nan ɗaya bayan ɗaya. Yatsunta har yanzu zafi suke mata. Ba ta iya cika masa takarda, ba ta iya raka shi ko tasha, abin da ya rage a hannunta ke nan, shi ma ga wasu mutanen da ba ta taɓa gani ba sun ce ba haka ba.

"To su a me suke ƙulla koko?"

"Ban tambaya ba."

"Ƙosai fa?"

"A takarda, ina ji."

"To me ke toshe musu kwata?"

"Shi ya sa ba ta toshewa."

"Allah Sarki, mutanen nan suna cikin kaɗaici."

Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Ki bar shi kawai, in na dawo na ci. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Wanda ya yi wannan karin maganar rago ne, irinka. A bakin wa za a ji jikan Dije ya bar ƙasa hannu na dukan cinya? Su Hasiya na gidan baya su samu abin kai wa biki? Kama ni in tashi."

Ta shiga ɗaki tana ɗingishi. Ya ji ƙarar mukullin kabad, abin da ba a ji sai shekara-shekara. Ta fito rungume da jerin samira masu furanni, kayan ɗakinta na aure, waɗanda ko tuwon sallah ba a taɓa zubawa a ciki ba.

"Hajiya, waɗannan ai sun girmi filin jirgin. Da su za a tsare ni, a ce na sato kayan tarihi."

"Sun hana samira?"

"Ba su hana ba."

"To rufe mini baki ka kama kwancewa."

"Kilo ashirin da uku fa aka yarda mini."

"Cire takalman nan naka masu kama da kwale-kwale, za ka samu wuri."

Ya kwance ƙullin yaji, ya tarar da wata ledar a ciki. Ya kwance ta, ga wata. Ya ɗago kai ya dube ta.

"Saboda iska," in ji ta.

Na kuka ma uku ne. Na daddawa huɗu, saboda mutunci. Kafin su kai rabi ledoji sun taru a gabanta sun kai gwiwa, yaji ya tashi, su biyun suna ta atishawa. A na ƙarshe, bayan leda uku, ya samu wasu sababbin ledojin ashirin a ninke.

"Waɗannan kuma fa?"

"Ko za ka bukata a can."

Ta dubi tarin, ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata har tana share hawaye da bakin mayafi. "Shi ke nan, ka ci wannan. Yau kam ɗan tsako ya koya wa kaza tono. Amma in na ji maganar nan a unguwa, na sake ka." Ta tura masa samirun da ƙafa. "Ɗauki, na ba ka duka. Ka riƙa ci da lissafi dai, ya kai ka. Wata nawa ma za ku yi?"

Ɗahiru ya rufe murfin kwanon daddawa a hankali.

"Ran Alhamis zan dawo."

Taron na kwana biyu ne, kuma masu gayyata su za su ciyar, safe da rana da dare.