Ranar da na zama aljanin gidana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan shekara ɗari a duniya, da Lahadin da na tayar wa iyalina hankali daga kasuwar Pitowa da ɗan yatsa ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta keto min.

Bari in fara da ƙanwata Balkisu, don a labarin nan ita ce ta yabo, ni ne na dariya. Lantarki ta karanta a nan Garwa, ta je kudu ta ƙaro, ta dawo da jakar kayan aiki da ta kusa fin ta nauyi. (Ni ne kan gaba wajen cewa hawa tsani ba aikin mace ba ne. Allah ya yafe min.) Lokacin da matata Asma'u ke asibiti za ta haifi ɗanmu na fari, Balkisu ta ce ita barkarta ba ta atamfa ba ce. Yini biyu ta yi tana kwance makunnan fitilun gidan, tana saka wasu 'yan akwatuna kamar na ashana a bayansu, tana mayarwa. Ko ƙwarzane bango bai yi ba. Da ta gama ta buɗe kwamfutarta ta danna, fitilar zaure ta kama. Ta miƙo min rimot na danna, ta tsakar gida ta mutu. Sannan ta karɓi wayata ta saka min abin a ciki, ta ce ko ina Marwa zan iya kunna fitilar banɗaki. Wallahi sakin baki na yi ina kallon yarinyar nan da na sha kai wa makaranta a kan moto, wato babur ɗina.

"Yaya, da Anti Asma'u ta dawo ka nuna mata," in ji ta. "Don ita na yi, kada ta riƙa tashi da jariri a hannu."

Na ce to. A raina kuwa na gama tsara nawa: sai ranar suna, maza sun cika zaure, in zaro waya kamar ba komai in ba su mamaki. Rimot ɗin ma ƙarƙashin kujerar moto na ɓoye shi.

Aka sallamo Asma'u, mahaifiyarta Dada ta zo daga Bogo don wankan jego. Kun san tsakanin mutum da surukarsa. Shekara uku da aurenmu ban taɓa haɗa ido da Dada ba. Gaisuwa a tsugune daga bakin ƙofa, ko ruwa ba na sha a gabanta.

Kwana huɗu da haihuwa na kwashi yaduddukana na tafi Pitowa. Bayan la'asar ciniki ya lafa, sirri ya fara min ƙaiƙayi a ciki. Na ciro waya na nuna wa maƙwabcin rumfata, Alhaji Sali mai takalma. "Ka ga wannan ɗan ƙwan? Na ɗakin mai jego ne. Ga shi na kunna."

"Kai, ƙarya kake! Daga nan har Garwa?"

Na ce ya gwada. Ya danna, hoton ya yi haske, ya sake dannawa ya dushe. Matiye, mutumin kan dutse da ke kawo mana wake, ya goge hannu a wando ya karɓa, ya ce ƙanwar nan tawa ko a Yawunde sai an ba ta kujera. Waya ta shiga zagaye. Wani ya gano wurin da ke kunna gidan gaba ɗaya, aka yi ta shewa. Ni kuwa ina gefe ina washe baki kamar ni na ƙera. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa akwai mutane zaune ƙarƙashin fitilun nan.

Da magariba na iso gida na tarar da takalma jibge a ƙofa, hayaƙin turare har waje. Malamin unguwarmu na zaune kan tabarma yana karatu. Asma'u na tsakar gida rungume da jariri, idanunta sun kumbura, ga akwati biyu a ɗaure. Wata maƙwabciya ta tare ni da labari: tun la'asar fitilu ke gudu daga ɗaki zuwa ɗaki. Da farko sun zaci wutar ce ke wasan da ta saba, sai suka ga fanka na juyawa lafiya, firiji na aiki, gidajen maƙwabta ba abin da ya motsa. Kuma abin ya fi ƙamari a ɗakin da jaririn yake.

Dada ba ta dube ni ba, 'yarta ta duba. "Ki gaya wa maigidanki, gobe da asuba sai Bogo. A can za a yi suna. Jikana ba zai ƙara yini a gidan nan ba."

To, a nan ne mai hankali zai buɗe baki. Ni sai na tsuguna. Ta yaya zan ce wa Dada, a gaban matan unguwa, ni ne? Na yi wa kaina ƙarya cewa tunda fitilu sun natsu, ita ma za ta huce. Malam ya ɗaga hannu yana addu'a, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi. Har sai da na ƙara da cewa, "Ni ma kwanan nan ina jin wani motsi a silin." (Ban san daga ina maganar ta fito ba.) Jin haka Dada ta sa aka fara ɗaure akwati na uku.

Ana cikin haka Balkisu ta yi sallama da jakarta a kafaɗa. Ashe Asma'u ta kira ta tun ɗazu, tana wurin wani aiki. Ta gaida kowa, ta saurari labari har ƙarshe, sannan ta juyo. "Yaya, ba ka da abin cewa?"

"Sai dai addu'a," na ce, idona a ƙasa.

Balkisu ta zauna kusa da Dada, ta buɗe kwamfuta, ta yi mata bayani a hankali, rabi Hausa rabi Fillanci, ba gaggawa ba raini. Ta kama yatsan tsohuwar ta ɗora kan kwamfutar, fitilar tsakar gida ta mutu. Dada ta zabura ta yi salati. Ta sake dannawa da kanta, haske ya dawo. Sai ta ce, "To da la'asar yatsan wa ne?"

"Ai kwamfutar tana rubuta komai, Dada." Balkisu ta soma karantawa. "Huɗu da minti goma, wayar Yaya, kunnawa. Huɗu da minti goma, wayar Yaya, kashewa." Haka ta yi ta bi layi-layi, sau tamanin da bakwai. Da ƙasa za ta tsage da na shige ban waiwaya ba.

Malam ya rufe littafinsa yana wani tari da bai yi kama da tari ba. Kallon da Asma'u ta yi min kuwa ba zai faɗu ba. Dada ta ɗago kai, karo na farko a duniya ta dube ni ido cikin ido. Ta ce a kwance kayan. Sannan ta ce, "Asma'u, zuba wa aljanin tuwo, ya sha hanya."

Matan nan suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. A haka na miƙe, na je na ɗaga kujerar moto, na kawo rimot da hannu biyu na ajiye gaban Dada.

An yi suna a Garwa, alhamdulillahi. Kafin arba'in Balkisu ta haɗa wa gidaje huɗu a layinmu irin namu, Dada kuma ta sa ta rantse za ta je Bogo ta yi mata nata, saboda ciwon gwiwa. Ni dai abin da na koya bai da yawa: in ka yi shirme, faɗe shi da bakinka kafin a buɗe kwamfuta. In kuma kunya ta hana ka, to aƙalla ka rage ƙarfin amin.