Yadda Za Ka Kashe Fitilar Injin Motar Surukinka

Surukinka ya ba ka aron motar da ko ɗan cikinsa bai taɓa riƙe makullinta ba, shi ma sai da matarka ta yi ta roƙo. Kana tsakiyar titi sai ka lura da wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana hararar ka a bayan sitiyari. Ka san mutuncinka ne ke reto. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ta mutu.

1. Gwada lallashi

Kashe motar, ka sake tayarwa. In tana nan, ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Masana sun tabbatar wasu fitilun suna da kunya. Ta surukinka ba ta da ita.

2. Buɗe bonet

Ba don ka san abin da ke ciki ba. Riƙe ƙugu, ka girgiza kai, ka taɓa wata waya. Nan da nan za ka ga jama'a. Mai faci zai ce filogi ne. Mai wankin mota zai ce an zuba maka mai mai ruwa. Wani da ko keke bai taɓa mallaka ba zai leƙo ya ce, "Injin ya buga, sai haƙuri." Gode musu duka.

3. Sa mata kwamfuta

Kira abokinka mai 'yar na'urar nan da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari. Za ta fito da harafi ɗaya da lambobi. Karanta su da ƙarfi, fuska a murtuke, kamar likita. Sai ka nemi ma'anarsu a waya. Za a ce maka ko dai murfin tanki ne bai rufu da kyau ba, ko kuma injin ne ke ban kwana. Zaɓi murfin tanki, ya fi daɗin ji. Murɗa shi har hannunka ya yi ja. Fitila tana nan daram.

4. In matarka ta kira

"Lafiya dai? Baba yana ta leƙen ƙofa."

"Lafiya ƙalau, cunkoso ne."

Yi wa abokinka alama ya ajiye sifana.

5. Cire kan batir

Wannan shi ne babban sirri, ba kowa nake faɗa wa ba. Cire, ka ɗan jira, ka mayar. Mota za ta manta da duk abin da ke damunta. Ta da injin. Fitila ta mutu murus! Rungumi abokinka. Agogon motar ma ya rikice, tashoshin rediyon da Baba ya jera da hannunsa sun bi iska, amma namiji ba ya tsayawa kan ƙananan abubuwa.

6. Mayar da mota

Wanke ta fes. Durƙusa, ka miƙa makulli da hannu biyu. Baba zai shiga ya tayar. Rediyo zai ce shuuu. Zai daɗe yana kallon bayan sitiyari, sannan ya juyo.

"Ina fitilata?"

"Wacce, Baba?"

"Mai ruwan ɗorawa. Tun kafin ka fara zuwa gidan nan zance take kunne, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Yau kaɗai ka hau, ta mutu. Me ka lalata?"

Kada ka ce ka gyara ne, zai fi muni. Sunkuyar da kai, ka kalli makulli yana shigewa aljihun da ba zai sake fitowa dominka ba. Matarka tana bakin ƙofa. Kada ka kalle ta.

Gargaɗi

Fitila na ce za ta mutu, kuma ta mutu. Ba ruwana da rediyo, ba ruwana da agogo, ba ruwana da shirun da za ka tarar a gida. In kana so ta dawo, sassauta murfin tanki ka ɗan zagaya gari. Sai dai ka fara samo wanda zai ba ka makulli.