Edita Biya-Ka-Ji

Allah ya yi wa Potiskum baiwa. Ya ba ta kasuwar shanu, ya ba ta tireloli har an rasa wurin ajiyewa, da ya ga da sauran wuri sai ya ƙara mata da Malam Zulkifli, Babban Editan jaridar Kunnen Gari. Babban Edita shi ne, ƙaramin edita shi ne, mai ɗaukar hoto shi ne. In ka ga an share ofis ma shi ya share, amma wannan ba a faɗa a gabansa. Jaridar ba irin ta takarda ba ce da za ka gama da ita a ƙunshe maka ƙosai, a cikin waya take zaune. Ofishin kuwa wani shago ne a Bolewa, tsakanin mai facin taya da mai sayar da tsofaffin buhuna, da allo a sama wanda ya fi ƙofar faɗi.

Mutum ne mai kwarjini, Allah ya sani. Tabarau yake sawa ba don ciwon ido ba. A kan kaftani yana ɗora wata 'yar shara mai aljihu ko'ina irin ta maharba, ko da rana tana narka kwalta. Alƙaluma jere a ƙirji, ba wanda ya taɓa ganin ɗaya ya yi rubutu. Ka ce masa ina kwana, sai ya ce, "Muna bibiyar lamarin."

Ba za a ci haƙƙinsa ba, jaridar ta yi rana. Wanda akuyarsa ta ɓata, wanda za a ɗaura wa aure, motar da ta kife a hanyar Damaturu, yadda shanu suka kwana a kasuwa, duk a nan ake gani. Uwa uba sanarwar rasuwa. Mutane suka saba, in an yi rashi a tura wa Zulkifli, a juya a kama hidimar gawa, an san kafin a gama haƙa kabari gari ya ji. Har aka daina aika mutum gida gida. Labaran nan kuwa ba shi yake haƙo su ba. Direbobi suke kawo masa, da dillalai, da matan da suka dawo daga biki. Rabinsu ma daga bakin Ya Kaka suke fitowa, kakar matarsa Fanna, tsohuwar da ba a haihuwa ko mutuwa a unguwar Ngojin ba ta taka gidan ba. Ita ta faɗa tana ɓare gyaɗa, shi ya je ya rubuta "wata majiya mai tushe".

Sai ƙaddara ta sa aka gayyace shi taron bita a Abuja. Ya dawo da jakar taro, da wata igiya a wuya mai ɗauke da hotonsa, da sabon ilimi. Ya tara jama'a a bakin shago, ya hau kan tayar maƙwabcinsa don a gan shi da kyau.

"Jama'a, duniya ta ci gaba, an bar mu a baya. Manyan jaridun duniya, wato takwarorina, duk sun sa wa labaransu kwaɗo. Labari haja ne. Kai Mala, kana ba da sa kyauta? To ni ma daga yau kan labari ne kawai kyauta. Gangar jikin sai mai biyan kuɗin wata. Wannan shi masana suke kira mutunta sana'a."

Mala dillalin shanu ya ce, "Ni ai sayen san nake yi kafin in sayar, Edita. Kai a wurin wa ka saya?"

"Wannan tambaya," in ji Edita, "za mu duba ta a fitowa ta gaba."

Daga ranar Kunnen Gari ta koma magana rabi da rabi. "An ga akuyar da ta ɓata a wata unguwa. Biya ka ji wacce." "Farashin wake ya yi wani abu. Biya ka ji ko hawa ne ko sauka." Ranar da ya rubuta "Wani babban mutum ya tafka abin kunya", manya da yawa ba su fito majalisa ba, kowa yana gida da zazzaɓi. A nan ya samo sunan Biya-Ka-Ji. Da ya ji sai ya yi murmushi, ya ce sunan jarida ya shiga bakin jama'a. Waɗanda suka biya kuwa, in ka zuba su a keke napep ɗaya za a samu wurin kaya. Wannan ma bai dame shi ba. Ya ce masu karatu na ƙwarai ko a ƙasar Turawa 'yan kaɗan ne.

Ana cikin haka Allah ya karɓi ran Meram, ungozomar unguwar Yindiski. Aminiyar Ya Kaka ce tun suna 'yan mata, tare iyayensu suka zo da su daga Borno. Sun yi wa juna alkawari tun haƙoransu suna nan, duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Da safe Meram ta cika. Ɗanta Yaji ya yi abin da kowa yake yi, ya tura wa Edita suna da gida da lokacin jana'iza, ya juya ya tafi neman likkafani.

Fanna tana gidansu a Ngojin a lokacin, cikin fari ya tsufa an ɗauko ta. Ita ta karanta wa kakarta abin da ya fito a waya: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa wata fitacciyar dattijuwa rasuwa a wata unguwa. Za a yi jana'iza yau. Biya ka ji ko wace ce."

Ya Kaka ta ce, "Allah ya jiƙanta, ko wace ce," ta ci gaba da tsince wake.

Sai da rana ta karkata wata mata ta leƙo ta ce, "Ya Kaka, lafiya ban gan ki gidan Meram ba?" Kafin ta isa Yindiski maza sun dawo daga maƙabarta. Wasu matan maƙwabta ne suka yi wankan. Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan, 'yan layinsu ne kawai suka sallace ta.

Washegari tsohuwa ta dogara sanda har shagon Bolewa. Edita ya miƙe, ya gyara igiyar wuya.

"Ya Kaka, ki fahimta, tsari ne. In na buɗe wa mutum ɗaya, na buɗe wa kowa ke nan. Na'ura ba ta san ungozoma ba."

"Ita ta yanke maka cibiya, Zulkifli."

"Shi ya sa muka ce fitacciya. Ba kowa muke ce wa fitacciya ba."

Ya Kaka ta gyara riƙon sandarta. Ta juya ta tafi. Edita ya gaya wa mai faci cewa ya wayar mata da kai.

Ba a jima ba, wata ranar kasuwa, yana tsaka da yi wa majalisarsa bayanin yadda jahilci ya hana mutanen Potiskum biyan kuɗin ilimi, sai keke ya tsaya. Ya Kaka ta sauko a hankali. Tsakaninta da mijin jikarta akwai wasa, ba abin da ba za ta iya faɗa masa ba a gaban kowa.

"Angona, na kawo maka labari. Wata mata ta yi wani abu a wani gida a Ngojin."

Edita ya miƙe har kujera ta faɗi. "Fanna? Ta sauka?"

"Biya ka ji."

Majalisa ta kwashe da dariya, Mala har da riƙe ciki. Edita ya cusa hannu a aljihu, ta ce ya mayar, ba irin wannan biyan ba. Ta koma cikin kekenta. Ya kira wayar Fanna, surukarsa ce ta ɗauka. Ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta ce Allah ya yi albarka, ta kashe. Wane ne zai buɗe baki ya tambayi surukarsa ko 'yarta ta haihu, kuma haihuwar fari? Ko a Abuja ba a koya masa wannan ba.

Ya hau babur ya bi keke. A Ngojin kuwa iyakarsa zaure, nan suruki yake tsayawa. Mata suna shiga suna fita, wannan da itace, waccan da tukunya. Duk cikinsu ba wadda Meram ba ta karɓi haihuwarta ba, kuma duk sun sha alwashin ba zai ji daga bakinsu ba. Kowace ta wuce sai ta ce, "Sannu Edita. An yi wani abu kam." Ya kasa kunne ko zai ji kukan jariri, sai ƙarar taɓarya, wata ta zaɓi daidai lokacin ta yi daka. Ba guɗa, ba kuka. Mutumin da yake bibiyar lamarin gari duka ya tsuguna a ƙasa, gumi ya jiƙa 'yar sharar, tabarau a hannu.

Da Ya Kaka ta fito ya ɗago kai. Muryar taron bita ta gudu, saura ta yaron da aka sani.

"Ya Kaka, don girman Allah. Tana da rai?"

Tsohuwa ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Tana da rai. Wannan ba na sayarwa ba ne, mu ba mu je Abuja ba. Sauran kuwa sai ka biya."

"Nawa?"

"Ka cire kwaɗon nan. Ka rubuta sunan Meram, ka ce ta Yindiski, ka ce ungozoma. Ka ce waɗanda ba su ji ba su je su yi wa Yaji gaisuwa."

A tsugune ya rubuta. Ya miƙa mata wayar. Ita da ba ta san baƙi ba ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta ce ba ta yarda da shi ba, ta shige ciki da ita. Can sai ya jiyo muryar Fanna, a gajiye, tana karantawa matan gida, tun daga farko har ƙarshe ba inda aka yanke. Sannan aka rangaɗa guɗa, jaririya ta tsorata ta tsala kuka.

"Mace ce," in ji Ya Kaka daga bakin ƙofa. "Tun hantsi. Mai keken da ya kawo ni ma ya riga ka ji."

Da yamma Kunnen Gari ta fito da sanarwa. Wai bayan dogon nazari da tuntuɓar masana, hukumar gudanarwa ta yanke shawarar buɗe labaranta kyauta, saboda kishin al'umma. Hukumar tana gida a lokacin, tana wanke gwiwar wandonta.

Ranar suna ya zo da wani suna da ya tsinto a Abuja, mai tsawo, sai da liman ya ce ya maimaita. Aka raɗa, aka shafa fatiha, aka ci goro. Sunan bai wuce zaure ba. A cikin gida tuni mata suna cewa a miƙo Meram, a yi wa Meram wanka, Meram ta yi barci. Edita ya yi ta gyara wa mutane har ya gaji.

Yanzu duk wanda ya tare shi a hanya ya ce, "Edita, ya sunan yarinyar ne ma?" sai ya gyara tabarau, ya duba hagu da dama, ya faɗa: Meram. Kyauta.