Yadda Ake Tsara Rahoton da Zai Faranta wa Hajiya Rai Ko da Kasuwa Ta Mutu

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari mai kamfaninku zai karanta rahotonka yana murmushi. Na gwada su a kan Dogo, ƙanen matata, wanda ke kula da rumbun bayanan kwamfuta a wani kamfanin sayar da katifu. Ya zo gidana ido ya faɗa, ko ruwa ya kasa sha.

"Yaya, ciniki ya faɗi warwas," in ji shi. "Hajiya mai kamfanin tana son rahoto ranar taro, kuma ta ce in ta ga ja baya za ta rage ma'aikata. Ni ne sabon zuwa."

Na ce masa ya jawo kujera.

1. Ka tace kafin ka buga

Rumbun bayanai ba ya ƙarya, babban aibinsa ke nan. Kada ka ce masa ya kawo komai. Ka zaɓi lokacin da ya yi maka daɗi. Dogo ya tuna makon da wani sabon otal ya kwashi katifu, sai muka sa makon a shafin farko da manyan baƙaƙe.

2. Ka tara marasa lafiya a ɗaki ɗaya

Duk reshen da ƙuda kaɗai ke shiga, kada ka ba shi layinsa. Ka haɗe su ka rubuta "Sauransu". Ba a taɓa kiran Sauransu ofis an yi masa faɗa ba.

3. Ka jera daga mai ƙiba zuwa ramamme

Mai kamfani na karatu ne waya a kunne. Idonsa ba ya wuce layukan sama. Abin kunyar ka tura shi can ƙasan shafin ƙarshe, inda tawadar firinta ta fara disashewa.

4. Ka koya wa zane hawa

Nan Dogo ya kusa kuka, don layin cinikin gangarowa yake yi kamar akuya ta zame daga kan katanga.

"Yaya, wannan fa ba ya gyaruwa."

"Juya watannin," na ce. "Na ƙarshe ya zo farko."

Ya juya. Layin ya miƙe ya nufi sama. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nemi ruwan da ya kasa sha ɗazu.

5. Kore, kore, kore

Ja launin tashin hankali ne. Ko asara ce, ka shafa mata kore ta yi kama da gona.

6. A wurin taro, ka amsa da gaba gaɗi

Akantan kamfanin ya sauke tabarau ya ce, "Malam Dogo, yaushe Disamba ta fara zuwa kafin Nuwamba?"

"Sabon salo ne, ranka ya daɗe."

Hajiya ta ɗaga masa hannu. "Akanta, kai kullum sai ka ɓata wa mutane rai. Ka ga layi na hawa, me kuma kake nema?"

7. Ka shirya wa nasara

Wannan matakin ban gaya wa Dogo ba, don ni ma ban san da shi ba. Tun ba a tashi taron ba Hajiya ta kira masana'anta ta ce a ƙaro kaya. Motoci suka yi ta sauke katifu. Sito ya cika, baranda ta cika, aka jingina sauran a ofishin Dogo, har sai ya karkace yake kaiwa ga teburinsa.

Hajiya ta leƙo ta tsakanin katifu biyu ta ce, "Ɗana, tunda kai ka hango kasuwar nan, na naɗa ka shugaban tallace-tallace. Kafin taro na gaba ina so in ga bangon ofishin nan."

Yanzu duk dangi sun sabunta shimfiɗa. Surukata tana kwana a kan biyu, sai an kama ta take hawa. Ni ma akwai ɗaya tsaye a falona, ta rufe talabijin.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka ne da mai kamfaninku. Ban san ka ba, ban taɓa ganin kwamfutarka ba. In kuma Dogo ya kira ka yana tambayar yadda ciwon bayanka yake kwana biyu, ba ni na ba shi lambarka ba. Yayarsa ce.