Ranar da Haisam Ya Manta Dada a Asibiti

"Lafiya lau, angona. Ya gajiyar ɗauko ni?"

Haisam ya tsaya a ƙofar ɗakin kakarsa, gumi na bin wuyansa. Abin da ya faru kuwa, da hantsi ya kai Dada asibiti a babur a duba mata hawan jini, ya ce zai sha mai ya dawo. A gidan man aka kira shi a waya, hira ta yi daɗi, sai ga shi a gida Yalwawa, har ya ci ya miƙe ƙafa. Sai da aka kira la'asar ya dafe kai. Ya koma a guje bai same ta ba, ya dawo ya tarar da ita a tabarma tana dama fura. Ga shi mahaifinsa Modibbo, wanda yake kira Baffa, ya riga ya rantse, in ya sake wata mantuwar, makullin babur ya koma aljihunsa.

"Haba amarya, ai ajiye ki na yi a gyara mini ke, kin fara kwararraɓewa."

"Kai ne za a gyara, mai kai kamar rariya. Bari Modibbo ya dawo daga masallaci. Ni dai na yi sabon miji."

"Wa zai kwashi mai haƙori uku?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, ja'iri."

Haisam ya durƙusa kusa da ƙwaryar furar. Tsoro na nan, amma son jin labari ya fi ƙarfinsa.

"Tsakani da Allah, Dada, wa ya kawo ki?"

"Wani ɗan agaji. Tun safe nake kallonsa, ya tura wannan a keken marasa lafiya, ya riƙe wa waccan goyo. Ashe shi ma yana lura da ni. Ya zo ya tsuguna ya ce, ‘Iya, inuwa ta bar ki, ke ba ki bar wurin ba. Wa kike jira?’"

"Kika ce me?"

"Na ce wani sakarai nake jira, mijina ne."

"A cikin mutanen nan kaf ya gane ke ce aka manta? Ta yaya?"

"Ido gare shi, ba irin naka na ado ba. Ina ba shi labari wayarsa na ta kuka a aljihu, ko taɓa ta bai yi ba. Na ce ɗan nan, ana kiranka. Ya ce, ‘Wanda ke gabana shi ya riga kira.’"

Haisam ya lalubi tasa wayar a aljihu, ya zare hannu kamar ya taɓa garwashi.

"To ya sunan kishiyan nawa? In je in ga irin kan da Allah ya yi masa."

Ludayin Dada ya tsaya.

"Sunansa... dogo ne dai, mai ɗan gemu."

"Rabin mazan garin Dutse ke nan. Kin yi miji ba ki tambayi sunansa ba? To ina maganin da aka ba ki?"

Dada ta ɗaga gefen tabarma, ta leƙa ƙarƙashin faifai, ta kwance bakin zane. Can ta riƙe haɓa.

"La ilaha! Ledar na rataye a kan babur ɗinsa."

Haisam ya faɗi a tabarma yana dariya.

"Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! Bari Baffa ya dawo, ni ma ina da labari."

"Rufa mini asiri, Modibbo faɗa gare shi a kan maganin nan."

"Sai kin saki dogo mai gemu."

"Ban sake shi ba, irinsa ba a saki. Amma na mayar da kai, ka zauna a ƙaramin miji." Ta juye furar a kwanon sha, ta rufe da faifai. "Tashi mu kai masa asibiti kafin magariba, mu karɓo magani, mu tambayi sunansa. Kai ka riƙe farkon sunan, ni in riƙe ƙarshe."

"To tawa furar fa?"

"Na manta."

Da suka hau babur, Haisam ya kashe wayarsa da kansa. Sai ya ji ana jan rigarsa ta baya. Ya waiga, Dada ce ke ƙulle bakin mayafinta da gefen rigar, ƙulli biyu.

"Ja mu je," ta ce tana dariya. "In ka manta ni yanzu, sai dai ka koma gida ba riga."