Ranar da Na Bankaɗo Ƙungiyar Asiri a Lugbe

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe a gaban maƙwabta zan ceci Lugbe ba. Duk wata bitar tsaro ta kwana biyu da ofishinmu ya tura ni ce ta jawo (ni dai shinkafar rana ce ta kai ni, ba zan ɓoye muku ba). A can wani mai ƙaton tabarau ya koya mana alamomin ƙungiyar asiri mai fakewa da addini: kaya iri ɗaya, taro a kulle, shugaban da ba a yi masa musu, sai kayan tsafi. Na dawo gida ina ji da kaina. Ko mai ruwa ne ya wuce sai na ƙare masa kallo.

Gidanmu na haya ne, sashe shida, tsakar gida ɗaya. Ƙofa da ƙofa da mu akwai Mama Rifkatu, nas mai ritaya 'yar Filato, wadda ta kai matata Hajara asibiti ranar haihuwar Amira, ni ina ofis ina juya fayil. Duk Alhamis da yamma mata kusan goma ke shigowa wurinta, zane iri ɗaya, kowacce rungume da tulu. Tulu fa, a Abuja, inda kowa ke da firji! Su shige, a rufe ƙofa, a ja labule, sai ka ji dim-dim daga ciki. Mama Rifkatu ta ce "Ya isa," sai tsit. Na duba takardar bita, alamomi huɗu cif.

Na faɗa wa Hajara. Ta ce, "Baban Amira, ka rufa wa kanka asiri, ka tambaye ta mana." Na ce a ina aka taɓa tambayar maye ko shi maye ne? (Ai ita ba ta je bita ba.)

Ranar taron 'yan haya na zuba babbar riga, na karanto alamomin ɗaya bayan ɗaya, na nemi a rubuta wa mai gida ya ba matar nan takardar tashi. Har da cewa, "Ba don kaina ba, don 'ya'yanmu." Ciyaman ɗinmu ya cire hula yana sosa kai.

Mama Rifkatu ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Oga Alhaji, zumuntan mata ne na cocinmu. Tulun nan ganga ne, da shi muna waƙa. Ƙofa kuma don kai muna rufewa. Matanka ya ce kana dawowa ofis da ciwon kai. Muna zufa a ciki don ka samu barci."

Na waiga wajen Hajara. Ta zuba wa takalminta ido.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Sai Mama ta miƙo hannu ta karɓi takardata, ta gyara tabarau. "Kaya iri ɗaya: ranan Juma'a da yamma mutanenka duk fari suna sa. Taro a kulle: kuna rufe gareji. Shugaba: tsohon nan, har hannunshi kuna sumbata. Kayan tsafi: farin ƙyalle kuna shimfiɗawa kamar likkafani, ku zagaye shi. Shekara uku ina gani. Na kai ƙaranka?"

Na ce, "Haba Mama, ai wannan wazifa ce! Ambaton Allah muke!"

"Na sani. Tun satin farko na tambayi matanka."

Aka bushe da dariya, ciyaman har da dukan cinya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, babbar rigar nan ta zame mini kayan nauyi. Matar da ta riƙe hannun matata a ɗakin haihuwa nake nema a kora, da bakina, a kan tulu.

Ba a rubuta wa mai gida komai ba. Sati guda ina laɓe-laɓe kafin na iya zuwa ban haƙuri. Ta ce, "Ya wuce. Amma ciwon kai ya warke ko?" Don kunya na ce ya warke sarai.

Tun daga nan duk Alhamis ƙofarta a wangale, tulu goma na tashi a saitin tagata. Ni kuwa in haɗiyi maganin ciwon kai a ɓoye. Abin da mai tabarau bai koya mana ba na koye shi a tsakar gida: sau tari abin da muke kira ƙungiyar asiri ibadar maƙwabci ce da girman kai ya hana mu tambaya.